Kafin ka sayi sigarin lantarki a Damagaram, leƙa cikin mahaɗarsa

Sau da yawa sigarin lantarkin da aka ce ya mutu lafiyarsa ƙalau, kai ne da gangar jiki suka daina taɓa juna. Gangar jiki ita ke ɗauke da batir da maɓalli. Kai kuma shi ne tanki da rezistans, ƴar wayar nan da ke yin zafi ta mai da ruwan tururi. Wuta na shiga kan ta ƴar ƙusar da ke tsakiyar mahaɗa, mai alamar +, ta koma ta haƙoran da ake murzawa, masu alamar −. Ratar rabin milimita tsakanin ƙusar kai da ta gangar jiki ta isa ka danna maɓalli shiru, ko allo ya rubuto maka No Atomizer, wato bai ga kai ba. Don haka mai saye ya fara leƙa ramin nan tukuna, maganar launi da yawan wat ta biyo baya. Bayanin na wanda ya riga ya saba da taba ne. Nikotin kamu gare shi, wanda bai fara ba kada ya fara da wannan.

Mahaɗar da ta fi yawa a duniya ita ce 510, sunan wani tsohon samfuri na kamfanin Joyetech. Faɗinta milimita 7 ne, tsakanin haƙori da haƙori rabin milimita. A nan kamfanoni sun yi baki ɗaya, shi ya sa kusan kowane kai mai 510 ke murzuwa a kan kowace gangar jiki mai 510. Inda suka rabu shi ne tsawon wuyan kai da zurfin ramin. Wani wuyan gajere ne, ka murza har ƙarshe bai kai ƙusa ba. Wani dogo ne, ya taɓo ƙusa tun tankin bai zauna ba, ka ga haske ta ƙarƙashinsa.

Maganin wannan saɓani shi ne gangar jiki mai ƙusa a kan sifirin, kuma in za a bi shawarata ita za a saya: akwati mai allo da kariyar lantarki, mai cin batir mai lamba 18650 guda ɗaya da ake cirewa. Dogon wuya ya zo, ƙusar ta nutse ta ba shi wuri. Gajere ya zo, ta taso ta tarye shi. Gwajinta a gaban mai shago ba wuya. Danna maɓalli sau biyar a jere na'urar ta mutu, cire kan, ka ɗan taɓa ƙusar da tsinken ashana. Ta sauka kamar milimita ɗaya ta dawo da kanta, sifirin ne na gaske. Ta ƙi motsi, ko ta sauka ta zauna can, ajiye musu kayansu. Allon ma aiki yake yi, ba ado ba ne: yana nuna om nawa rezistans ɗinka yake, wato awon yadda wayar ke tare wuta. In an rubuta 0.6 a jikinsa, allo ya nuna 0.6 yanzu, an jima 0.9, an jima 1.4, to mahaɗar ce ba ta kama ba, ko ƙazanta ta shiga tsakani. In wuta ta haɗe kuma, ya rubuta Atomizer Short ya ƙi tashi. Ga shi ran da batir ya gaji, batir kaɗai za ka canza.

Gangar jiki masu araha kuwa ƙusarsu a kan ƴar roba take zaune. Duk murzawar da ka yi da ƙarfi kana matse robar, har ta baje. Wata rana ka sa kan da ya fi na jiya gajarta, shiru. Ana ceto ta: kashe na'urar, sa bakin tsinken sakace a gefen ƙusar, ka ɗaga kaɗan ta nan, kaɗan ta can, rabin milimita ya wadatar. Kada ka fizgo, akwai siririyar waya da aka liƙa da dalma a ƙarƙashinta, in ta tsinke sai an farke jikin gaba ɗaya. Robar in ta yage, ƙusa ta jingina da haƙora, wuta ta haɗe. Ita wannan ba ta gyaruwa da tsinke. Murza kai da yatsa biyu, da ka ji ya tsaya kai ma ka tsaya.

Sauran nau'o'in ba sa buƙatar dogon zance. Mai siffar biro irin tsohuwar eGo tana da 510 a ciki da wasu haƙoran na milimita 12 a waje, amma ƙarfinta bai kai ta ɗauki rezistans na ƙasa da om ɗaya ba, sai fitilarta ta yi ta ƙyaftawa. Tsohuwar mahaɗa 808 ba ta shiga 510 sai da ƴar mahaɗa ta tsakani. Masu maganaɗisu da ake cusa wa kwanso, wato ɗan tankin da ba a murzawa, suna da daɗin aljihu, sai dai kowane kamfani da nasa kwanson, har a gida ɗaya ma: na Caliburn G ba ya zama a Caliburn A2, rezistans na RPM ba ya shiga gurbin RPM 2. Ran da kwanson naka ya yanke a Kasuwar Dole sai ka jira mai zuwa Kano. Na sha-ka-yar, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bututun ƙarfe maras allo da ƙusar kai ke taɓa batir kai tsaye kuwa, kada ka ko ɗauka: in ƙusar ba ta fito waje sosai ba, haƙoran ma su taɓa batirin, ba abin da zai yanke wutar.

Akwai kuma faɗin kafaɗa. Tankuna na zuwa milimita 22, 24, 25, wasu har 30. In tanki ya fi saman akwati faɗi zai yi aiki, amma ya leƙo waje, duk faɗuwa gilashi ne zai sha ƙasa, wuyan kuma ya lanƙwashe. Akwatin da ke ɗaukar 25 ya isa kusan komai. Haƙoran su kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa. Na tagulla da aka shafe da farin ruwa laushi gare su, in rawaya ta fara bayyana a bakin ramin sun soma cinyewa. Wajen sa kai, fara juya shi hagu a hankali har ka ji ya ɗan faɗa gurbi, sannan ka juya dama. Ya cije tun zagaye na farko, warware, a karkace ya hau.

Batir shi ne inda ake cutar mutane. Lambar 18650 awo ne: faɗi milimita 18, tsawo 65. Wanda ake sayarwa don tocila sau da yawa mai ƙullutu ne a ka, wani da ƴar kariya a gindi, tsawonsa ya kusa 70. Ƙofar akwati ba za ta rufu ba, in ka tilasta ka lotsa batirin ko ka kashe sifirin ɗin ciki. Mai kai a baje za ka nema.

Duk 18650 da aka rubuta wa 6800 ko 9900 mAh, awon yawan cajin da yake riƙewa, ƙarya ce tsagwaronta, na gaske yawanci ba ya wuce wajen 3500. Ɗora shi a ƙaramin sikeli: na kirki yana kai giram 45 zuwa 48, jabu kuma da nisa ƙasa da haka, wani ɗan ƙaramin batir ne aka cusa a babban kwano. Akwai waɗanda ake cirowa daga matattun baturan kwamfuta a yi musu sabuwar riga. Duba kai da gindi, za ka ga ɗigon tabon walda inda aka ɓamɓare ƙarfe. Ko da suna riƙe caji, an yi su ne don jan wuta kaɗan-kaɗan, su kuwa waɗannan akwatuna wawurar wuta suke yi. Lissafin ga shi: wat 60 a raba da bolt 3.2, inda batir ke kusa da ƙarewa, ya ba ka amfiya kusan 19. Ke nan batir Samsung 25R mai amfiya 20 iyakarsa wajen wat 60, Samsung 30Q mai amfiya 15 kuma wajen 45. Masu ƙera na gaske ƴan kaɗan ne, irin su Samsung, LG, Murata da Molicel, kuma sunayen nasu ne masu jabu suka fi bugawa. Ragin jika ɗaya bai kai cinyarka ba, araha ba ta ado.

Rigar batir ma ka dube ta kamar za ka sayi ƙwai. Jikin kwanon gaba ɗaya − ne, robar nan da ɗan zoben da ke saman kai su kaɗai suka raba shi da +. Ta yage ko da faɗin ƙwayar gero ne, kada ya shiga akwati sai an sake masa riga. Kada kuma a jefa shi tsirara cikin aljihu tare da makulli da tsabar kuɗi.

Jabu bai tsaya a batir ba. Rezistans na jabu yakan zo da haƙora ko roba da suka kauce wa awo kaɗan, ya shiga amma tankin ya yi ta yoyo, ko allo ya kasa ganinsa. Manyan kamfanoni na liƙa tambarin da ake kankarewa a jikin kwali, lamba ta fito, a duba ta a shafinsu na intanet. Kankare a gaban mai shago. In shafin ya nuna an sha duba lambar kafin kai, kwafa aka yi. Kwali maras tambari, ko wanda aka riga aka kankare, bar shi ko da an rantse maka.

Sai yanayin garinmu. Zafin Afrilu da Mayu na tsinka ruwan tanki, ya tsiyaya ta ramin iska ya taru a cikin mahaɗa, ƙurar hunturu kuma in ta same shi sai su zama danƙo a kan ƙusa. Sau ɗaya a mako cire kan, jiƙa auduga da alkol na kantin magani, goge ramin da wuyan, ka bari su bushe kafin ka mayar. Kada ka kankare da allura ko bakin wuƙa, za ka ɓare ruwan da aka shafa wa ƙusar. Tankin da ke shan ruwa mai kauri, irin mai kashi 70 na VG, sinadarin da ke kaurara ruwan, ya fi jure zafi bai yi yoyo ba. Ajiye na'urar a tsaye, ba cikin akwatin babur da ke rana ba. In za ka kasuwa neman sabon kai, tafi da akwatin naka, a murza a gabanka, ka danna sau uku ka ga lambar om ta tsaya wuri ɗaya kafin ka miƙa kuɗi.