Kwamfutar Hannu ta Yara: Tana Buɗe wa Yaro Baki Kuwa?

A kasuwar Computer Village da ke Ikeja da shagunan waya na Agege ana sayar da wata 'yar kwamfutar hannu ta yara mai inci 7, cikin rigar roba shuɗiya ko ruwan hoda, cike da waƙoƙin ABC da ƙirge. Masu talla na cewa tana buɗe wa yaro baki. Gidaje da yawa sun saba da ita tun kullen korona da ya fara a Legas ranar 30 ga Maris 2020, lokacin da aka rufe makarantun reno, aka daina suna da biki da ziyara, yaro ya wuni a ɗaki ba ya jin muryar kowa sai mutum biyu ko uku.

Kullen ya taɓa bakin yara. A ƙasar Ayilan an bibiyi jariran da aka haifa a farkonsa: da suka cika wata 12, kashi 77 cikin 100 ne ke faɗin kalma ɗaya mai ma'ana, alhali kafin korona kashi 89 ne. Nuni da yatsa ma ya ragu. Mutane yaran suka rasa, na'ura kuwa ba ta maye gurbin mutum.

Rigar robar tana da amfani idan ta faɗo daga kan gado. Masu arahar batirinsu ba ya jimawa, kuma ramin caji ne ke fara lalacewa, don yaro na wasa da ita tana jone yana fizgar waya.

Babban aibin na'urar shi ne ba ta jira. Yaro ya nuna buta, uwa ta ce "buta", ya ce "uta", ta ce "eh, buta, kawo buta". Haka ake koyon magana, ba-ni-in-ba-ka. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta sa jarirai 'yan wata 9 sauraron Sinanci har zama 12. Waɗanda mutum ya zauna da su sun iya bambance sautukan, na bidiyo ba su ƙaru da komai ba. Shi ya sa za ka ga yaro ya rera ABC har ƙarshe, amma in ƙishirwa ta kama shi sai ya ja hannun uwarsa zuwa firij bai ce "ruwa" ba. Wannan hadda ce, kuma tana ruɗar iyaye su yi jinkirin neman taimako. Abin na da ciwo, domin shekarun farko ne gyara ya fi sauƙi.

Waƙoƙin na'urar Turanci ne. Kada wannan ya sa a daina yi wa yaro Hausa. Jin Hausa a gida da Yarbanci da buroka a waje ba ya jinkirta magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a bar ɗan ƙasa da shekara 2 yana kallon allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. In an riga an saya, kyamararta ce ta fi komai amfani. A ɗauki hoton kofi, tabarma, takalmi, Baba da Yaya, a zauna da yaro minti 10 zuwa 15, a nuna hoto, a yi shiru daƙiƙa 5 a ba shi dama. Ya ce "takalmi", a ce "takalmin Baba", ƙarin kalma ɗaya tak. Kiran bidiyo da kaka a Kano ma yana da kyau, don tana amsa masa.

Yaron da ya cika shekara ɗaya ba ya gwalantu ko waiwayowa in an kira sunansa, ko ya kai wata 18 babu kalma, ko shekara 2 bai haɗa kalma biyu kamar "ba ni" ba, ko ya daina faɗin abin da ya iya a baya, kuɗin na'urar gara a kai shi gwajin ji. Ruwa kan taru a bayan dodon kunne bayan mura, ba ciwo ba zazzaɓi, yaro ya riƙa jin magana dishi-dishi. Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, daga nan likita zai tura wajen ƙwararren gyaran magana.