Ganganci da Sakaci a Gaban Alƙali

Mutum biyu na iya zama sanadin mutuwa iri ɗaya, amma doka ba ta yi musu hukunci ɗaya. Abin da alƙali ke bincike shi ne halin da zuciyar kowannensu take ciki lokacin da abin ya faru.

Mai ganganci ya san abin da zai biyo baya, kuma shi yake so, kamar wanda ya zuba wa wani guba a abinci. Da yake niyya ba ta ganuwa, daga makami da shirin da aka yi da kalaman da suka gabata ake gano ta. Shari'ar Musulunci ta tanadi ƙisasi ga kisan ganganci, sai in dangin mamaci sun yafe. Kisan kuskure kuwa diyya ce da kaffara, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta bayyana.

Sakaci ya fi wuyar sha'ani. Mai shi bai nufi kowa da sharri ba, ya kasa kula ne a inda ya wajaba ya kula. A 1994 kotun ƙoli ta Ingila ta tabbatar da hukuncin Adomako, likitan sa barci da bai lura bututun numfashi ya cire ba ana tsakiyar tiyatar ido, majinyacin ya rasu. Kotun ta ce sai sakacin ya yi muni ƙwarai kafin ya zama laifi.

A ganina wannan sharaɗin ya dace, domin in kowane kuskure zai kai mutum kurkuku, likitoci za su riƙa gudun majinyacin da ciwonsa ya tsananta.