Registry Lock na Verisign: kwaɗo mai ƙarfi, amma ƙofa uku kawai yake rufewa

Duk sunan shafin intanet da ya ƙare da .com ko .net, asalin rajistarsa tana hannun kamfanin Verisign na Amurka. GoDaddy da Namecheap da ire-irensu dillalai ne, su ke karɓar kuɗinka su aika wa Verisign umarni a madadinka. A nan matsalar take. Wanda ya shiga asusunka a wurin dillali, ko ya yaudari ma'aikacin dillalin ta waya, zai iya sauya sabar da ke nuna inda shafinka yake cikin 'yan mintuna. Daga nan maziyartanka da imel ɗinka duk wurinsa za su nufa, har takardar shaidar tsaro zai iya karɓa da sunanka, mai ziyara ya ga komai daidai a burauzarsa.

Yawancin dillalai suna ba da nasu kwaɗon kyauta, wanda ake gani da sunan clientTransferProhibited. Yana da amfani, sai dai makullinsa na rataye a cikin asusun da ɓarawon ya riga ya shiga. Dannawa ɗaya ce ya cire shi.

Registry Lock ya ɗauke makullin ne daga hannun dillali. Verisign da kansa ke ɗora alamomi uku a kan sunan: serverUpdateProhibited, serverTransferProhibited da serverDeleteProhibited. Muddin suna nan, duk umarnin da na'urar dillali ta aiko na sauya saba, ko mayar da sunan wani dillali, ko goge shi, za a ƙi karɓa. Kafin a buɗe, sai wani ma'aikacin dillali da aka riga aka rubuta sunansa ya shigar da buƙata, sannan Verisign ya kira shi ta waya ya faɗi kalmar sirrin da aka ajiye. In an gama gyara a sake kullewa.

An ga amfaninsa a fili a watan Agustan 2013, lokacin da ƙungiyar masu kutse ta Syrian Electronic Army ta sami bayanan shiga na wani wakilin dillalin Melbourne IT ta hanyar imel ɗin yaudara. Sun karkatar da shafin jaridar New York Times, sun kuma taɓa twimg.com, inda Twitter ke ajiye hotuna. Amma twitter.com, da yake wurin dillali guda, bai motsu ba, domin akwai kwaɗon Verisign a kansa. A Nuwamban 2020 ma an yaudari ma'aikatan GoDaddy aka taɓa sunayen kamfanonin kuɗin kirifto irin su Liquid da NiceHash. Ɓarnar ba ta wucewa nan take, domin bayanin sabar da Verisign ke bayarwa na .com yana iya zama a ƙwaƙwalwar sabobin duniya har awa 48 bayan an gyara.

Saye ba kai tsaye ake yi daga Verisign ba, sai ta hannun dillali, kuma ba kowane dillali ke sayarwa ba. MarkMonitor da CSC, masu kula da sunayen manyan kamfanoni, suna yi, haka ma Cloudflare ga manyan abokan cinikinsa. Kuɗin ya ninka na sabunta suna sau da yawa, kuma kowane suna da nasa. Don haka a zaɓi waɗanda imel, shiga asusu da biyan kuɗi suka dogara a kansu.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a kai shi ne rabin hanyar da Verisign ba ya gani: tsakaninka da dillali. Verisign dillali yake tantancewa, ba kai ba. Idan dillali zai nemi a buɗe don kawai wani ya turo imel da sunan manajanka, kuɗinka ya tafi a banza. Kafin ka biya, a ba ka amsa a rubuce: mutum nawa daga kamfaninka ke da ikon neman buɗewa, ta wace lamba ake kiransu, awa nawa buɗewa ke ɗauka, kuma ana yi ranar Asabar da Lahadi? A sa mutum biyu ko uku, a cire sunan duk wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi. Lambar waya kuma kada ta zama layi ɗaya tilo da za a iya kwafe siminsa.

Bayan an ce an kulle, ka duba da idonka a lookup.icann.org. Dole alamomin server guda ukun su bayyana tare. Ganin serverTransferProhibited shi kaɗai ba hujja ba ne.

Jinkirin da ke tare ɓarawo kai ma zai tare ka. Idan kamfanin da ke riƙe maka DNS (tsarin da ke haɗa sunan shafi da adireshinsa) ya faɗi da tsakar dare, ba za ka sauya saba nan take ba. Maganinsa a sa sabobin kamfanoni biyu tun kafin a kulle. Mai amfani da DNSSEC (sa hannun da ke tabbatar da ingancin bayanan DNS) ma sai ya tsara lokacin buɗewa duk sanda zai sauya bayanin DS, wato shaidar sa hannun da ke ajiye wurin Verisign, in ba haka ba shafin zai daina buɗuwa ga masu tantance sa hannu.

Kwaɗon kuma bai shafi abin da ke cikin asusun DNS ɗinka ba. Wanda ya shiga can zai sauya adireshin shafi da na imel ba tare da ya kusanci Verisign ba, don haka can ma a sa makullin tsaro na hannu irin YubiKey maimakon lambar tes. Idan sabobinka suna ƙarƙashin wani suna na daban da ba a kulle ba, ta can za a ɓullo.

Wannan hidima ta .com da .net ce. Nominet na da tasa ga .uk, CIRA ga .ca. Mai .ng kuwa rajistarsa tana hannun NiRA, sai ya tambayi dillalinsa irin kullewar da ake samu a can. Ga banki, jarida, ko manhajar tura kuɗi mai amfani da .com, muna ganin ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin dillalin ya amsa tambayoyin nan a rubuce.