Digiri, koyon sana'a ko zuwa da sana'arka: wace hanya ce ke kai mutum ga aiki a ƙasar waje?

Mai son yin aiki a ƙasar waje yakan fara da tambayar wace jami'a ce ta fi suna. Ni da za a tambaye ni, sai in ce a fara da wata tambayar: ranar da ka karɓi takardar shaidarka, wata nawa doka ta ba ka ka nemi aiki, kuma wa zai ɗauki nauyin bizarka idan wa'adin ya ƙare? Karatu kaya ne mai tsada, ana biyansa da kuɗi da shekaru, kuma ba a mayar da shi idan bai yi ba.

Hanyar da aka fi sani ita ce digiri, kuma a nan ne bambancin ƙasashe ya fi fitowa. A Birtaniya ana gama digiri na biyu cikin shekara ɗaya, sannan a ba ka bizar zama ta shekara 2 bayan kammalawa, ko shekara 3 ga mai digirin digirgir. Gwamnati ta sanar da rage shekara 2 ɗin zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Bayan haka sai ka sami kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi, kuma tun Yulin 2025 mafi ƙarancin albashin da ake nema fam 41,700 ne a shekara, ko da yake akwai rangwame ga sababbin shiga aiki. Mai iyali ya lura: tun Janairun 2024 yawancin ɗaliban digiri na biyu ba sa iya tafiya da mata ko miji da yara.

Amurka tana ba da wata 12 na aiki bayan karatu, da ƙarin wata 24 ga masu kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi. Daga nan sai bizar aiki ta H-1B, wadda gurbinta 85,000 ne a shekara, ana raba shi da ƙuri'a saboda masu nema sun fi gurbin yawa nesa ba kusa ba. Albashi yana da kyau, amma zaman yana rataye ne a kan sa'a. Kanada kuma tana ba da izinin aiki har na shekara 3, sai dai tun Nuwamban 2024 mai difloma ta kwaleji sai fanninsa yana cikin jerin waɗanda ake ƙarancin ma'aikatansu. Ba kowace makarantar da ta ba ka gurbi ce ke kai ka ga wannan izini ba, don haka ka duba kafin ka biya ko sisi.

Jamus ta fita daban. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, sai ɗan abin da ake biya kowane zango, in ban da jihar Baden-Württemberg da ke karɓar yuro 1,500 a zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Amma dole ka ajiye kuɗin zama a asusun da ake kullewa, wanda aka tsayar a yuro 11,904 na shekara a 2024. Idan ka gama, kana da wata 18 na neman aiki. Ana koyar da digiri na biyu da yawa da Turanci, sai mutum ya ɗauka ya tsira, ya gama ya tarar wurin aiki Jamusanci ake yi.

Hanya ta biyu ita ce ta fi kwanta mini a rai ga matashin da ba shi da jari mai yawa: koyon sana'a irin na Jamus, wanda suke kira Ausbildung. Kana raba lokacinka tsakanin kamfani da makarantar sana'a na tsawon shekara 2 zuwa 3 da rabi, ana biyanka kowane wata tun daga farko. Aikin jinya, wayar wuta, kanikanci, girki a otal, duk suna ciki. Kuɗin ba zai sa ka yi arziki ba, a manyan birane ma da ƙyar yake ɗaukar haya, amma za ka fito ba bashi, da takardar da masu ɗaukar aiki suka sani, sau da yawa ma kamfanin da ya horar da kai shi ke riƙe ka. Tsadarta ita ce harshe. Ana neman Jamusanci matakin B1, wato matsakaicin matakin iya harshen, kafin biza, wannan kuwa aikin watanni ne masu yawa, ba na mako shida da wasu ke tallatawa ba.

Wanda ya riga ya iya sana'arsa bai kamata ya koma aji don kawai ya sami biza ba. Abin da zai bincika shi ne ko aikinsa na cikin waɗanda sai da lasisi. Mai rubuta manhajar kwamfuta yakan wuce da gwanintarsa. Likita, lauya, malamin makaranta da ma'aikacin jinya sai hukumar ƙasar ta amince da takardunsu. Ma'aikaciyar jinya mai son Birtaniya za ta yi rajista da NMC, hukumar kula da ma'aikatan jinya ta ƙasar, ta ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, ta yi ta ilimin jinya a kwamfuta, sannan ta yi ta gwaji a aikace bayan ta isa. Jamus ta buɗe katin Chancenkarte a Yunin 2024, mai ba da shekara ɗaya ta neman aiki da izinin yin aikin awa 20 a mako, amma kuɗin zaman daga aljihunka ne.

Sai batun dillalai. Birtaniya ta rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga waje a Yulin 2025, saboda haka duk mai yi maka tallan wannan hanya yanzu iska yake sayar maka. Jerin kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar baƙi yana shafin gwamnatin ƙasar a intanet, kyauta ne, kuma duba sunan kamfani a ciki bai wuce aikin minti biyar ba. Dokokin nan suna sauyawa kusan kowace shekara, don haka ranar da za ka cika fom ka sake karanta su a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar da ka zaɓa.