Motar da ta kai min dukushi Zariya

Makon jiya na ɗauki hayar wani mai motar dawaki ya kai min dukushina daga Kano zuwa Zariya. Gaskiya ya san aikinsa. Ya shimfiɗa roba a ƙasa, ya zuba ƙaiƙayi don kada kofato ya zame, ya ɗaure ragama daidai yadda zai iya sunkuyar da kai ya ci harawa. Ko a kwana bai taka birki da ƙarfi ba. Mun tsaya Kwanar Dangora muka ba dukushin ruwa.

Ƙorafina ɗaya: ƙarfen da ya raba tsakiyar motar na manyan dawaki ne, nawa kuwa gajere, saura ƙiris ya zura kai ƙarƙashinsa. Sai da muka toshe da buhunan dusa biyu. Kuɗin ya ɗan yi ciwo, amma ko ƙwarzane bai samu ba.