Safar roba ko buroshi mai waya, ga zomon da ya ƙi taza

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambayi wanne za ki saya don taje gashin zomonki, safar roba ko buroshi mai waya. Cikin biyun da kika ɗora hotonsu, ɗauki safar hannun nan mai 'yan tsinkayen roba masu taushi a tafinta. Buroshi mai haƙoran waya ki bar wa mai shago kayansa, tunda kin ce da zomon ya hango buroshi sai ya buga ƙafa a ƙasa ya shige ƙarƙashin kujera.

Ina da irin buroshin, yana can cikin kwali ban san ranar da zan sake ɗauko shi ba. Yana kwasar gashi, wannan kam ba zan hana shi ba, amma don kare da kyanwa aka yi shi. Fatar zomo siririya ce ƙwarai, abu kaɗan ke karce ta har ta yage, kuma zomon da waya ta taɓa yagusa ba ya mantawa da wuri.

Safar kuwa a kan wata tsohuwar zomanyata na san darajarta, fara mai jan ido irin da ake kira New Zealand, yara suna kiranta Amarya ko da yake ta yi jikoki. Ita ce sarauniyar masu ƙin taɓi a gidan. Ka miƙa hannu ta sama, ta kwantar da kunne ta yi gurnani, wani lokacin har ta kawo cizo. Abin da nake yi shi ne, bayan la'asar in rana ta yi sanyi, in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in zauna, ganyen karas a gefena, in yi kamar ban san da ita ba. Ita da kanta take zuwa. Tana cikin ci sai in fara shafa goshinta da tsirarar hannu, tsakanin idanu zuwa gindin kunnuwa, inda zomaye ke lasar junansu. Da ta sauke haɓa ƙasa ta lumshe ido, sai hannun da ke cikin safa ya karɓi aikin, daga wuya zuwa ƙugu, yadda gashin ya kwanta. A wurinta shafa ce ake ci gaba da yi. Har wani ɗan ƙas-ƙas take yi da haƙora a hankali, wanda a zomo alamar jin daɗi ce (in ya yi ƙarfi kuma, ga zomon ya takure wuri ɗaya, wannan ciwo ne, kada a haɗa su). In na ɗaga hannu sai in ga tafin safar ya yi fari fat, in kama gefe in ɓare gashin gaba ɗaya in jefa a leda kafin iska ta watsa shi cikin tukunyar miya. Ran da ta gaji ta yi tsalle ta tafi, ba na bin ta. Gobe ma rana ce.

Ki lura da abu ɗaya, a duk wannan ban ɗaga ta daga ƙasa ba. Yawancin zomayen da ake cewa sun tsani buroshi, kamun da ake yi musu kafin tazar ne suka tsana. Hausawa sun riga sun faɗa, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Dabba ce da a daji shaho ke sura, don haka da ƙafafunsa sun bar ƙasa ransa ya gama tashi. Ga ƙashin bayansa ba ƙwari, ƙafafun baya kuma ƙarfi gare su, in ya yi harbi yana reto a hannu yana iya karya gadon bayansa da kansa. Ɗaga shi da kunne da muka taso muka ga ana yi a kasuwa, a daina. Haka kwantar da shi rigingine da ake nunawa a bidiyo wai ya yi lamo yana jin daɗi. Tsoro ne ya sandarar da shi.

Inda safar ba ta kai ba shi ne zomo mai dogon gashi, irin Angora ko mai geza a wuya. A nan sama-sama take shafa, ƙasan gashin yana can yana cukurkuɗewa. Wannan sai mataji mai faffaɗan haƙora marasa tsini, ki riƙe gindin gashin da yatsu biyu don kada fatar ta ja, ki warware daga baki-baki. In ya dunƙule ya manne da fata, kada ki sa almakashi ko reza, kai shi wurin likitan dabbobi a aske da inji. Ni dai ban ga hikimar ajiye Angora a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 ba, alhali zomo daga digiri 30 ya fara galabaita, amma wannan wata maganar ce. Naki a hoto gajeren gashi gare shi, safa ta wadatar.

Kafin ma ta iso, ki jiƙa tafin hannunki da ruwa kaɗan, ki yarfe, ki shafe shi. Gashin da ya saki zai manne a hannun, ki murza ya dunƙule ki yar. Wanda ya yi tsiri-tsiri a ƙugu da saman wutsiya kuwa da yatsu ake zare shi, in ya nuna ba ya ko ji.

Kada gudun da yake yi ya sa ki haƙura da tazar. Zomo yana zubar da gashi kusan duk wata uku, wani zubin kaɗan wani kuma kamar zai ƙare, kuma kullum cikin lasar jikinsa yake. Kyanwa in ta haɗiye gashi tana amayar da shi, zomo kuwa ba ya iya amai sam, duk abin da ya shiga sai dai ya fita ta baya. Ki riƙa duba kashinsa. In kika ga ya fito a jere, gashi ya sarƙe shi kamar carbi, to yana haɗiya da yawa, a ƙara taza a ƙara ciyawa. Lokacin zubi kullum ne, ko da minti biyar, sauran lokaci sau ɗaya a mako ya isa. Abin da ke tura gashin nan waje busasshiyar ciyawa ce da harawa da ruwan sha mai tsabta. Zomon da aka tsare a kan dusa da abincin kaji kaɗai shi ne cikinsa ke tsayawa. In ya kai awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, ba a kwana da shi a gida ana jiran gobe. In kina wajajen Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, in ba haka ba ki nemi asibitin dabbobi mafi kusa.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa, ki yi hattara da masu sayar da kayan nan. Da kin ce zomo, wani zai jawo duk abin da ya kwana masa na kare ya ce ai duk ɗaya ne. Zai haɗa miki da shamfu wai na wankan zomo. Ba a yi wa zomo wanka, tsoma shi a ruwa na iya sa shi suma don firgici, kuma gashinsa na jimawa bai bushe ba har sanyi ya kama shi. In gindinsa ya ɓaci, tsumma mai ɗumi ya isa, a goge a busar da kyau, don ƙuda kan yi ƙwai a wurin tsutsa ta fito, musamman da damina. Mafi haɗari shi ne maganin ƙuma da kaska na kare. Duk wanda kika ga an rubuta fipronil a jikinsa, kamar Frontline, kada ya kusanci zomo, yana kashe shi. Ki karanta kwalin da idonki, kada ki tsaya kan rantsuwar mai kaya.

Masu sayar da zomayen ma akwai nasu. Za a nuna miki wanda gashi ya zube a hancinsa da ƙafafu, ga ɓawo a cikin kunne, a ce canjin gashi yake. Canjin gashi ba ya zuwa da ɓawo ko susa, fatar ƙasa sumul take, sabon gashi na biyowa. Wancan ƙazuwa ce, tana yaɗuwa, kuma maganinta ivermectin ne da likita zai auna gwargwadon nauyin zomon. Ki leƙa kunnen naki ma, don wani ƙin taɓin daga nan yake.

Safar kanta akwai ta banza, mai tsinkaye masu tauri da aka yi da busasshiyar roba, a hoto kuma ba a bambancewa. In ta intanet za ki saya, kada ki biya sai ta zo hannu. Ki goga ta a cikin damtsenki, in ta bar miki jan sawu ki mayar. In ta yi laushi, ki ajiye ta kusa da kwanon abincinsa kwana biyu ya shinshina ya saba da warinta, amma ki sa ido kada ya ɓantari robar, sannan ki fara daga goshi.