Sony FX30 a ranar Zariya da ƙurar hunturu: abin da gwajin makon farko ya nuna

Idan aka zaro kyamarar FX30 daga kwali, abin da ake fara lura da shi shi ne abin da babu a jikinta. Babu ramin leƙawa da ake kafa ido, sai allo mai juyawa na inci 3. Babu labulen shota a gaban sensa, wato farantin da ke karɓar hoto. A madadinsu akwai fanka a ciki, da ramukan kusoshi a jikin ƙarfen inda za ka ɗaura makirfo ko ƙaramin allo ba sai ka sayi keji ba, da jajayen fitilu gaba da baya masu nuna ana ɗauka. Wato ba kyamarar hoton biki ba ce da aka ɗora wa bidiyo, don fim aka ƙera ta. Sony ta sanar da fitowarta a watan Satumba na 2022, a kan dala 1,799 ita kaɗai, ko dala 2,199 da mariƙin sauti. Nauyinta da batir da kati giram 646 ne, don haka ƙaramin gimbal (mariƙin da ke hana hoto rawa) ma yana ɗaukar ta.

Mun gwada ta kwana bakwai da gilashin Sigma 18-50mm f/2.8 a wurare uku: bakin Ƙofar Doka da tsakar rana, wani zaure na ƙasa a cikin birni, da bakin titin Samaru bayan isha'i. Hukuncina a taƙaice: hotonta ya fi ƙarfin kuɗinta, amma kuɗinta bai tsaya a jikinta ba.

Kafin ka ɗauki komai, shiga saiti ka mayar da ita PAL, tsarin bidiyo na ƙasashe masu wutar 50Hz. Wutar lantarkinmu 50Hz ce, kuma idan ka bar ta a NTSC, tsarin masu wutar 60Hz, kana ɗauka a 30p ko 60p (firem 30 ko 60 a daƙiƙa) ƙarƙashin dogon ƙwai ko fitilar LED mai arha, za ka ga hoton yana ƙyafta ido, ko wasu layuka masu duhu suna gangarowa. A PAL ka sa 25p da saurin shota 1/50 na daƙiƙa, ko 50p da 1/100. Janareton da gudunsa ke hawa da sauka yana iya kawo ƙyaftawar ko da ka yi wannan, to sai ka duba allon da kyau kafin darakta ya ce a fara. Akwai wani tarko a nan da ba kowa ke faɗa ba: tsarin adana bidiyo na XAVC HS, wanda ya fi matse fayil, ba shi da 25p. A PAL 50p da 100p kawai yake bayarwa. Mai son 25p a 4K sai ya zaɓi XAVC S ko XAVC S-I.

XAVC S a 25p, da zurfin kala na 10-bit 4:2:2, yana cin megabit 140 a daƙiƙa, kusan gigabait 63 ke nan a awa, don haka katin 128GB zai kai ka wajen awa biyu. XAVC S-I yana cin 250, katin nan ba zai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba, kuma sai katin V90 ko CFexpress Type A, masu ɗan karen tsada. Ga fim mai dogon zango da za a ɗora a YouTube, 140 ɗin ya isa har ya yi saura. Ramin kati biyu ne, ka sa ta rubuta a duka biyun lokaci guda. Katunan jabu sun cika kasuwa, kuma ba a gane su sai ranar da jaruma ta yi kukan da ba za ta iya maimaitawa ba.

Yanzu ga rana, wadda ita ce babbar magana. A S-Log3, yanayin ɗauka da ke fitar da hoto a dishe don a gyara kala daga baya, kyamarar tana da gindin ISO (ma'aunin jin haske) biyu inda hoto ya fi tsabta, 800 da 2500, kuma babu tabaran rage haske na ND a cikinta. Yi lissafin da kanka. A tsakar rana mai haske, ISO 100 da shota 1/100 suna son buɗin gilashi na f/16. Ka hau ISO 800, ka ƙara mataki uku (kowane mataki ninki biyu ne na haske). Ka sauko shota 1/50, ka ƙara ɗaya. Kana son buɗe gilashi zuwa f/4 don bayan mutum ya ɗan narke, ka ƙara huɗu. Mataki takwas ke nan na hasken da ya yi yawa. Tabaran ND mai juyawa da aka fi sayarwa, mai mataki 2 zuwa 5, bai isa ba. A Ƙofar Doka wajen ƙarfe ɗaya mun murɗa shi har ƙarshe, sai da muka tsuke gilashi zuwa f/11 sannan farar shadda ta dawo da zanenta, kuma a ƙarshen murɗin nan ne tabarau masu arha ke zana wani baƙin gicciye a sararin sama. Ka nemi mai mataki 6 zuwa 9 domin waje, ka bar ƙaramin domin la'asar sakaliya da inuwa. Bakin Sigma ɗin 55mm ne, amma gara ka sayi tabarau mai faɗin 77mm da zoben haɗi, ya yi maka aiki a kan duk gilashin da za ka saya nan gaba. Wasu suna guje wa wannan kashe kuɗi ta hanyar ɗaga shota zuwa 1/2000. Hasken zai daidaita, amma tafiyar mutum za ta koma tsalle-tsalle, babur ya wuce kamar an yanka shi gunduwa-gunduwa.

Da zarar an shawo kan hasken, a nan take nuna kanta. Jarrabawar da ke kayar da kyamarori a ƙasar nan ita ce baƙin mutum cikin farar babbar riga a rana: ka kula da fuska riga ta ƙone, ka kula da riga fuska ta nutse. Sony ta ce FX30 tana riƙe sama da mataki 14 tsakanin duhu da haske. Ban auna da na'ura ba, amma aikin aska takwas da ke ƙirjin rigar ya fito zare-zare, kuma ƙarƙashin hula, inda inuwa ke rufe ido, akwai abin da za a ɗago wajen gyaran kala. Ma'aunin da ya yi mana aiki: a S-Log3 launin toka-toka na tsakiya yana kan 41% na ma'aunin haske, farar takarda wajen 61%, hoto kuma yana ƙonewa a wajen 94%. Ka saita layukan gargaɗi na zebra a kan farar rigar, kada ta wuce 70 da ɗan kai, fuskar za ta zauna inda ya kamata. Ka ƙara wa hoton haske da kamar mataki ɗaya a kan abin da mita ta ce, domin S-Log3 da aka ɗauka da ƙarancin haske yashi-yashi yake fitarwa a inuwa idan aka zo ɗagowa.

Zauren ya fi wahala. Bangon ƙasa yana shanye haske, ƙofa kuma tana zubo rana kamar an buɗe tanda. A ISO 2500 da f/2.8, da farin allon mayar da haske guda ɗaya a gefen ƙofa, dattijon da ke zaune kan buzu ya fito sarai, jan bangon da zanen da ke jikinsa ma ba su koma laka ba. Abin da ke waje ta ƙofar ya ƙone, wannan kam sai fitila. A kula da wani abu: ISO 2000 ya fi 2500 datti, domin 2000 gindin farko ne aka matsa masa, 2500 kuwa gindi na biyu ne sabo. Wanda bai saba ba ya sa saitin Cine EI Quick, kyamarar za ta riƙa sauya gindin da kanta.

Da dare a Samaru, wurin mai shayi da ƙwan lantarki biyu a rataye, hoton yana da kyau har 6400. Daga nan yashi ya fara yawa. Sensarta Super 35 ce, ba ta kai ta FX3, yayarta daga Sony, girma ba, kuma ba ta ganin duhu kamar yayarta. Gilashi mai f/1.4 da ƙaramar fitila mai batir sun fi ɗaga ISO amfani.

Wanda ba shi da mai gyaran kala, ko aikin na gaggawa ne, ya bar S-Log3 ya sa S-Cinetone, kalar da ke fitowa a gyare daga kyamara. Fatar mutum tana fitowa da ɗumi, ba ta yin kore ko toka, sai dai abin da ya ƙone ya ƙone ke nan.

Fokas mai bin ido yana da ƙarfi, har yana sa mutum lalaci. Inda ya yi ɗan jinkiri shi ne mai rawani da ya ja amawali ya rufe baki da hanci, da mace mai niƙabi. A nan ka taɓa mutumin a allo ta kama shi ta bi. Saurin sauya fokas yana da lamba 1 zuwa 7. Ka sauke shi zuwa 3, ka rage saurin barin mutum zuwa 1 ko 2, in ba haka ba duk ɗan acaɓan da ya gifta sai ta saki jarumi ta bi shi.

Ƙura. Tunda babu labule, da ka cire gilashi sensa a fili take, kuma a hunturun Zariya daƙiƙa biyar ta isa. Ba za ka ga ɗigon a f/2.8 ba, sai ka ɗauki Dutsen Kufena a f/11 ka tarar da baƙaƙen tabo uku a sama, a kowane firem. Ka kashe kyamara kafin sauya gilashi, ka kifa bakinta ƙasa, ka yi a cikin mota ko ɗaki, kuma ka riƙe robar busa iska a aljihu. Kada ka busa da baki, yawu ya fi ƙura wuyar fita. Wannan ma dalili ne na zama da gilashi ɗaya mai zuƙowa a ranar aiki. Fankar tana jan iska ta ramukan jikinta, don haka kullum da yamma a share su da burushi mai laushi. Amfaninta kuwa a bayyane yake: mun bar ta tana ɗaukar 4K fiye da awa ɗaya a jere ba ta nuna alamar zafi ba. Hunturu ne dai, watan Afrilu ne zai faɗi gaskiya. Ko yaya, ka sa ma'aunin kashe kai saboda zafi a kan High, kuma ka ware allon daga jikinta.

Batirinta NP-FZ100 ne, ya ba mu tsakanin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Yinin aiki yana son huɗu. Tana karɓar wuta ta USB-C daga fawabank mai PD da ke ba da 9V/3A, amma sai da batir a ciki.

Mariƙin sautin ya cancanci ƙarin kuɗinsa (dala 400 a 2022). Yana da ramin makirfo na XLR biyu da wutar 48V ta makirfo, sautin yana shiga fayil ɗin hoton kai tsaye, edita ya huta da haɗa baki da murya. Rabin abin da ke kashe finafinanmu sauti ne, ba hoto ba. Sai dai wutar 48V tana rage kwanan batir, kuma da mariƙin a sama daidaita ta a gimbal yana wahala.

Saurin juya kyamara yana sa sandunan lantarki su karkace, domin sensar layi-layi take karantawa daga sama zuwa ƙasa. Ba mai tsanani ba ne, amma mai shirin ɗaukar sukuwar dawaki a Ƙofar Fada ranar hawa ya tsaya nesa kaɗan, ya bi doki a hankali. 100p na tafiyar hawainiya yana da kyau, sai dai yana yanke hoton da kusan 1.6, faɗin 18mm ya tsuke sosai, yashi kuma ya ƙaru. A 50p babu wannan babban yanka, kuma rabin gudu ya isa yawancin fitowa.

Saura tacewa. Fayil mai 10-bit 4:2:2 yana durƙusar da tsohuwar kwamfuta, kuma manhajar tacewa ta DaVinci Resolve ta kyauta a kan Windows ba ta jituwa da shi yadda ya kamata. Ka kunna ɗaukar furoksi a cikin kyamarar: tana rubuta ƙaramin fayil mara nauyi tare da babban, edita ya yanka da ƙaramin, a mayar da babban lokacin fitarwa. Ka gwada minti ɗaya a kwamfutar editanka tun kafin ranar lokeshan.

Ɗalibin wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke shirin gajeren fim, ko mai shirin gaskiya da ke aiki shi kaɗai, zai ji daɗinta. Mai ɗaukar hoton biki da ke son filasha ya nemi wata, ba layinta ba ne. Kuma duk wanda zai saya ya ware aƙalla rabin kuɗin jikinta daban, domin gilashi, tabarau biyu, batir uku na ƙari, kati biyu da faifan ajiya (hard disk) guda biyu.